Dan Bau: Yadda Ake Haɗawa da Kaɗa Kayan Kiɗan Biyetnam Mai Tsirkiya Ɗaya

Dan bau kayan kiɗa ne na mutanen Biyetnam wanda tsirkiyarsa ɗaya ce tak. Dogon akwati ne siriri da ya ɗan haura mita ɗaya. A ƙarshensa guda an kafa sanda mai lanƙwasuwa a tsaye, an zura mata ƙoƙon duma, sannan an ja tsirkiya daga sandar zuwa ɗaya ƙarshen. Daga ƙoƙon nan sunan ya samo asali, domin bau shi ne duma a harshensu. Ba shi da wuyan da za a danne tsirkiya a kai, amma yana fitar da muryoyin da suka kai hawa uku, wato daga muryar do ta jerin do-re-mi zuwa do na gaba har sau uku. Abin da ya sa haka shi ne rabon aiki tsakanin hannuwa biyu. Hannun dama yana tsamo 'yan muryoyi ƙalilan daga wasu gurabu sanannu a jikin tsirkiya, hannun hagu kuma yana cike duk tazarar da ke tsakaninsu ta hanyar tanke tsirkiyar ko sassauta ta.

Asalinsa da inda ake kaɗa shi

Rubutaccen ambatonsa da aka fi kafa hujja da shi na shekarar 1770 ne, amma masana suna ganin ya girmi wannan lokaci nesa ba kusa ba. A arewacin ƙasar an fi saninsa a hannun makafin mawaƙan xam, waɗanda ke waƙa a kasuwanni da mashigan jiragen ruwa, daga baya kuma har a cikin taragon birnin Hanoi. Daga nan ya shiga wasan kwaikwayon cheo na arewa, da waƙoƙin birnin Hue na tsakiya, da kiɗan don ca tai tu na kudu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013. Ana kuma raka masu rera waƙoƙin baka da shi. A 1956 aka buɗe makarantar kiɗa ta ƙasa a Hanoi, dan bau kuma ya shiga aji, aka tsara masa darussa. Al'ummar Jing da ke yankin Guangxi na ƙasar Sin, waɗanda kakanninsu suka fito daga Biyetnam, su ma suna kaɗa irinsa.

Harshen Biyetnam mai karin sauti ne. A karin arewa kowace gaɓar kalma tana iya ɗaukar ɗaya daga sautuka shida: wani a miƙe, wani mai hawa, wani mai sauka, wani mai sauka ya sake hawa, wani mai karyewa a maƙogwaro, wani gajere mai faɗuwa. Dole waƙa ta bi waɗannan sautuka, in ba haka ba ma'ana ta ɓaci. Dan bau ya dace da wannan buƙata domin muryarsa tana zamewa daga amo zuwa amo ba tare da yankewa ba, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata ya sake ta har kiɗan ya bi hawa da saukar magana.

Sassansa

Gangar jiki iri biyu ce. Ta dā guntun icen gora ne mai kauri, tsawonsa kimanin santimita 120, wanda ake fafe cikinsa. Ta yanzu akwatin katako ce mai tsawon kimanin santimita 115 da tsayin kimanin 10, faɗinta wajen 12 a babban kai, wajen 9 a ƙaramin kai. Ana yin allon sama da na ƙasa da itace marar nauyi, galibi wanda suke kira ngo dong, domin shi ne ke amsa rawar tsirkiya. Gefuna kuwa da itace mai tauri ake yi, kamar trac ko baƙin icen mun, wanda dangin kanya ne. Sau da yawa akan yi wa gefunan ado da ɓawon katantanwar ruwa mai sheƙi.

Sanda ita ce ran kayan kiɗan. Tsawonta tsakanin santimita 50 zuwa 70, kakkaura daga gindi, siririya daga sama, kanta a lanƙwashe ya kalli waje. Da icen gora aka saba yin ta, amma ta ƙahon ɓaunar noma ta fi daraja domin tana lanƙwasuwa ta koma daidai inda take. Ƙoƙon kuwa wuyan busasshen duma ne, ko rabin ɓawon kwakwa, ko itacen da aka sassaƙa da siffar duma. A dā yana taimakawa wajen ƙara amo, yanzu kuwa rufe ƙullin tsirkiya da ado ne aikinsa.

Tsirkiyar dā ta alharini ce murɗaɗɗiya, ta yanzu kuwa ta ƙarfe ce. A babban kai akwai ƙaramin jaki da tsirkiya ke hawa, da mamurɗi wanda ya ratsa akwatin daga gefe, wanda da shi ake tanke ta. Sai tsinken kiɗa, ɗan guntun gora ko ƙaho mai tsini. Na dā yakan kai santimita 10, na yanzu bai wuce 4 zuwa 5 ba. Muryar dan bau ta asali ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce 'yan mutanen da ke zaune kusa. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 aka fara sa masa maganaɗisu naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiya, kusa da jaki, ana haɗa shi da lasifika. Wannan na'ura ƙarfe kaɗai take ji, shi ya sa tsirkiyar alharini ba ta aiki da ita.

Yadda ake haɗa shi

Aikin yana farawa da zaɓen katako busasshe sarai. Ɗanyen katako yana kantarewa bayan an haɗa, ya tsage allon sama ko ya buɗe gaɓar gam. Massassaƙi yakan yanka gefuna biyu dogaye da toshiya biyu ta kawuna, ya haɗa su. Toshiyar ƙaramin kai tana buƙatar kauri, domin a cikinta za a kafa sanda, kuma ita ce ke ɗaukar duk ƙarfin ja. Sai a fere allon sama ya yi siriri, a ɗan tayar da tsakiyarsa ya yi doro kaɗan, a manna shi. A allon ƙasa ana huda ramuka domin amo ya sami mafita, hannu kuma ya sami hanyar kai tsirkiya ga mamurɗi.

Bayan haka a huda ramin sanda a ƙaramin kai, daidai kaurin gindinta, yadda za ta zauna daram. Sandar da ke motsi a raminta ba ta riƙe saiti. In ta ƙaho ce, ana ɗumama ƙahon ya yi laushi, a miƙar da shi, a kankare shi sannu a hankali ana gwada taurinsa da hannu. Mai tauri da yawa tana gajiyar da yatsu, mai laushi da yawa kuma ba ta iya tanke tsirkiya. A huda wuyan ƙoƙo a zura sandar ta ciki, bakin ƙoƙon yana fuskantar babban kai. A ƙarshe a kafa jaki, a huda ɗan rami bayansa, a sa mamurɗi da na'urar ɗaukar sauti, a goge akwatin a shafa masa mai.

Ɗaura tsirkiya da auna gaɓoɓi

Ana ƙulla bakin tsirkiya ɗaya a jikin sanda ta cikin ƙoƙo. Ɗaya bakin ya haye jaki, ya shiga rami, ya naɗe a mamurɗi. Da yake ƙullin yana sama da fuskar akwati, tsirkiyar takan gangaro ne daga sanda zuwa jaki. Ana murɗawa kaɗan-kaɗan har ta kai muryar da ake so. A makarantu do aka fi saita ta a kai, amma mai raka mawaƙi yakan saita ta daidai da muryar mawaƙin. Sabuwar tsirkiya tana saki a kwanakin farko, don haka sai an riƙa maimaita saiti.

Daga nan sai neman gaɓoɓi, wato guraben da hannun dama zai taɓa. Tsirkiyar da aka kaɗa ba rawa ɗaya take yi ba. Tana rawa da dukan tsawonta, a lokaci guda kuma tana rawa kashi biyu, kashi uku, kashi huɗu, da sauransu, kowane kashi da muryarsa. Tsakanin kashi da kashi akwai gurbin da ba ya motsi. Idan aka taɓa tsirkiya a irin wannan gurbi, duk rawar da ke motsa wurin sai ta mutu, a bar wadda wurin yake mata mahaɗa. Muryar da ta rage tana fita garau, siririya, ba gurnani.

Ana auna tsawon tsirkiya daga ƙulli zuwa jaki, sannan a raba, ana ƙirgawa daga wajen ƙoƙo. A ɗauka tsawon santimita 96 ne, an kuma saita ta a do. Rabi, santimita 48, yana ba da do na hawan farko. Sulusi, 32, yana ba da sol. Rubu'i, 24, yana ba da do na hawa na biyu. Humusi, 19.2, yana ba da mi. Sudusi, 16, yana ba da sol na sama. Sumuni, 12, yana ba da do na hawa na uku. Waɗannan shida su ne aka fi aiki da su. Subu'i ma yana da murya, amma ba ta cika daidai da sauran ba, don haka ba kasafai ake taɓa shi ba. Awo jagora ne kawai, kunne ne ke tabbatarwa: a matsa hannu gaba ko baya kaɗan har a sami inda amon ya fi tsabta, sannan a yi alama a fuskar akwati daidai ƙarƙashin wurin. Duk sa'ad da aka sauya sanda ko aka ɗaga ƙulli, sai an sake awon.

Zama

Makaɗi yana ajiye akwatin a gicciye a gabansa, sanda a hagu, babban kai a dama. In a tabarma ne, yakan tanƙwashe ƙafafu ya tokare akwatin da gwiwa ko ƙafar dama domin kada ya zame idan an tura sanda. In a kujera ne, ana ɗora shi a kan ƙaramin tebur mai matokari. A dandali wasu suna kaɗawa a tsaye, akwatin yana kan doguwar ƙafa. A kowane hali kafaɗu su saki, gwiwar hannun dama kuma ta sami sararin tafiya daga tsakiyar tsirkiya zuwa kusa da ƙoƙo.

Aikin hannun dama

Ana riƙe tsinke tsakanin babban yatsa da manuniya, ɗan yatsan tsakiya yana tallafe da shi, tsininsa yana leƙowa kaɗan. Kaɗawa ɗaya ta ƙunshi motsi uku da ke bin juna cikin ƙiftawar ido. Na farko, gefen tafin hannu, ta wajen ƙaramin yatsa, ya sauka a kan gaɓa, taɓawa kawai ba dannawa ba. Na biyu, tsinke ya shiga ƙarƙashin tsirkiya ya fizgo ta sama. Na uku, hannu ya tashi nan take. Da yake tsinken yana ɓangaren babban yatsa, kaɗawar tana faɗawa ne tsakanin gaɓa da ƙoƙo.

Lokacin ɗaga hannu shi ne wurin da ake shan wuya. Idan hannu ya riga tsinke tashi, kakkaurar muryar dukan tsirkiya ce za ta fito. Idan ya makara, amon ya shaƙe ya mutu. Idan ya kauce wa gaɓa, sai a ji ƙwas marar murya. Gaɓar tsakiya tana da yalwa, tana yafe ɗan kuskure. Waɗanda ke kusa da ƙoƙo kuwa sun matsu da juna, tsakanin humusi da sudusi bai fi faɗin yatsu biyu ba, ga guntun tsirkiyar da ya rage wa tsinke gajere ne, don haka a nan ake karkata hannu a rage tazarar da ke tsakanin gefen tafi da tsinke.

Akwai wasu kaɗe-kaɗe biyu na hannun dama. Ɗaya shi ne kaɗa tsirkiya ba tare da taɓa gaɓa ba, domin samun murya mai kauri. Ɗayan kuma suna kiransa ve, wato kai da komo da tsinke da sauri yayin da gefen hannu ke shafar gaɓa, yadda amo ɗaya zai daɗe yana zuba.

Aikin hannun hagu

Sanda tana shiga tsakanin babban yatsa da manuniya, sama da ƙoƙo. Babban yatsa yana tura ta waje, nesa da akwati, sai tsirkiya ta tanke, murya ta hau. Manuniya tana janyo ta ciki, sai tsirkiya ta saki, murya ta sauka. Da haka ake samun muryoyin da babu su a gaɓoɓi. Ana samun re ta ɗaga do da taki ɗaya, ko ta sauke mi da taki ɗaya. Ana samun fa ta sauke sol da taki ɗaya, ko ta ɗaga mi da rabin taki. Ana samun la ta ɗaga sol da taki ɗaya, ko ta sauke do da taki ɗaya da rabi. Kusan kowace murya tana da hanya biyu, kuma zaɓen hanyar yana bin inda waƙar ta fito da inda ta dosa.

Turawa waje ta fi cin ƙarfi. Kafin murya ta hau taki ɗaya, sai ƙarfin tankewa ya ƙaru da fiye da rubu'i, kafin kuma ta hau daga do zuwa fa sai ya ƙaru da fiye da kashi uku cikin huɗu. Shi ya sa tsirkiya ta fi tsinkewa a wajen ɗagawa, sassautawa kuma in ta yi yawa amon ya yi rauni. Babu alama a jikin sanda da za ta nuna iyakar turawa, kunne da sabon hannu ne kawai ma'auni.

Akwai bambanci tsakanin lanƙwasa sanda kafin a kaɗa da bayan an kaɗa. In ana son murya ta fito a tsaye, sai a kai sanda wurinta tukuna cikin shiru, sannan tsinke ya taɓa. In ana son a ji tafiyar murya, sai a kaɗa sannan a motsa sanda. Kaɗawa ɗaya tana iya ɗaukar muryoyi biyu ko uku kafin amon ya ƙare, wannan haɗi shi suke kira luyen.

Adon murya

Rung shi ne karkarwa: yatsu suna girgiza sanda kaɗan-kaɗan a kewayen murya ɗaya. Vo shi ne ɗan bugun sanda da yatsa, wanda ke sa murya ta yi tsalle ta dawo, kamar shessheƙa. Vuot kuwa shafa sanda ne daga sama zuwa ƙasa ko akasin haka, yadda murya za ta zame a hankali ta tsaya inda ake so.

Ba a zuba waɗannan ado yadda aka ga dama. Kiɗan gargajiyar Biyetnam ya ginu ne bisa muryoyi biyar da suke kira ho, xu, xang, xe da cong, kuma ya rabu zuwa salo-salo. Salon Bac na walwala ne da nutsuwa, salon Nam na kewa ne da juyayi, a kudu kuma akwai Oan mai zurfin baƙin ciki. Kowane salo yana da muryoyin da ake girgizawa, da waɗanda ake bugawa, da waɗanda ake bari a tsaye, wasu ma akan ɗan ɗaga su ko a sauke su daga inda suke a ma'aunin Turawa. Wanda ya girgiza muryar da ba a girgizawa ya fitar da waƙar daga salonta ko da duk muryoyinsa daidai ne. Saboda haka malamai suke sa ɗalibi ya rera waƙa da baki ya haddace ta kafin ya kai hannu ga sanda.

Matakan koyo

Mai koyo yana farawa da gaɓar tsakiya ita kaɗai, hannun hagu yana riƙe da sanda ba motsi, har amo ya riƙa fita garau a kowace kaɗawa. Sai ya ƙara sulusi da rubu'i, yana tsallakawa tsakaninsu, sannan sauran ukun. Idan hannu ya fara samun gaɓoɓi ba tare da ido ya nemi alama ba, sai a shiga aikin sanda: ɗaga taki ɗaya a dawo, sauke taki ɗaya a dawo. Dawowar tana da muhimmanci kamar tafiyar, domin hannun da ke barin ɗan nauyi a kan sanda yana ɓata saitin duk muryoyin da za su biyo baya. Akwai gwaji mai sauƙi: a samo re daga do, a sake samo ta daga mi, a saurara ko sun zama ɗaya. Bayan wannan ne ake koyon gajerun waƙoƙin gargajiya masu tafiya a hankali, sai ado ya zo a ƙarshe, ana farawa da karkarwa. Manyan ayyukan zamani, irin su Vi mien Nam na Huy Thuc, wanda aka tsara wa dan bau tare da babbar ƙungiyar makaɗa, sai hannu ya nuna ake tunkararsu.

Kula da shi

Bayan kiɗa ana goge tsirkiya da busasshen ƙyalle, domin gumin hannu yana sa ta tsatsa, tsatsa kuma tana dusashe amo. Tsirkiyar da ta lanƙwashe ko ta fara cinyewa a kan jaki sai a sauya ta. Idan za a daɗe ba a kaɗa ba, a sassauta mamurɗi, don kada sanda ta saba da ja ta karkace har abada. Sandar ƙaho ba ta son zafin rana ko kusa da wuta, tana bushewa ta tsage, allon sama kuma ba ya son laima. In gindin sanda ya fara rawa a raminsa, a cika gibin da siririn ɓallin itace. In lasifika tana gurnani, a duba waya da mahaɗinta, a kuma tabbatar maganaɗisun bai matso tsirkiya da yawa ba. Domin tafiya, ana cire sanda da ƙoƙo a ajiye su daban. Akwai kuma irin da ake yi mai naɗewa gida biyu, wanda ke shiga ƙaramar jaka, sai dai duk lokacin da aka buɗe shi dole a sake saita tsirkiya a kuma duba gaɓoɓi kafin a fara kiɗa.